Bakan da Aka Kawo wa Nomau

Duk wanda ya saba bin lungun dukawa a Birnin Damagaram ya san Nomau. Ko bai san sunansa ba, ya san zauren nan mai bakunkuna rataye a bango, da tsohon da ke zaune bisa buzu yana bin mai wucewa da ido ɗaya, sai ka ce an sace masa akuya kuma kai yake zato. Gaishe shi sau ɗaya, ya amsa. Gaishe shi sau biyu, ya fara tunanin abin da ya kawo ka. In ɗan garuwa ya kawo ruwa, sai ya shinshina kafin a juye a randa. Salular da 'yarsa ta saya masa tana cikin ƙoƙo a rufe, wai tana sauraren abin da ake faɗa a ɗaki. Matarsa Delu ta daɗe da daina musu da shi. In baƙo ya yi ƙorafi sai ta ce, "Yi haƙuri, haka Allah ya yi shi. Ni ma shekara arba'in da biyu ina tuƙa masa tuwo, har yau sai ya juya malmala ya duba ƙarƙashinta."

Ɗan garin Dogo ne. A tsakiyar noma aka haife shi, shi ya sa sunan ya bi shi, amma fartanya ba ta taɓa zama a hannunsa ba. Yana da shekara goma sha biyu ubansa ya gaji da ganin yana sare gero tare da ciyawa, ya ɗora shi a jaki ya kawo shi Damagaram wurin kawunsa Ɗanƙarami, mai yi wa maharba baka. A nan ya tarar da Hamisu, ɗan wata ƙanwar Kawun daga Tirmini, sa'ansa. Kwano ɗaya suka ci, tabarma ɗaya suka kwana, bulala ɗaya ta hau bayansu, har gemu ya tsiro musu.

Sassaƙa baka kowane maharbi yana ɗan taɓawa. Abin da ya fitar da gidan Ɗanƙarami daban shi ne fatar maciji da suke shimfiɗa wa bayan baka, wato gefen da ke kallon dabba in an ja tsirkiya. Fatar tana tsare itacen daga ruwa da gumi, tana hana shi tashin sartse, ga kuma kyau. Amma tana da mugun hali guda: duk aibun da ke jikin itacen, in ta hau kansa, ya ɓace. Saboda haka Kawu ya kafa doka, ba a rufe baka sai an nuna bayansa. Mai bakan zai zauna, a ɗaura tsirkiya a gabansa, a ja har kunne sau uku, sannan a kwaɓa baƙin tukunya da man gyaɗa a goge bayan itacen. In akwai tsaga, ko siririya ce kamar gashi, baƙin zai shige ta ya fito da ita. Sai mai bakan ya gani da idonsa ya ce ya yarda, sannan a taɓa fata. Kuma wanda ya sassaƙa ba shi ke rufewa ba, ɗan'uwansa yake miƙa wa. Wanda duk aka kama ya ɓoye aibu, ya naɗe tabarmarsa ya bar gidan.

Labarin idon Nomau kuwa, ba maharbin da bai sha shi ba daga nan har Mirya. Yana da shekara ashirin da biyu ya sassaƙa wa kansa baka na itacen dargaza, Hamisu ya rufe masa da fatar mesa. Ranar farautar farko ya ja tsirkiya, bakan ya tashi da ƙara, tsinin itace ya shiga idonsa na hagu. Kafin a kai shi likita idon ya tsiyaye. Da Kawu ya nemi guntayen bakan ya duba, aka rasa su. Hamisu ne ya tsince su, ya ce wai sun faɗi a daji. Nomau yana kwance da ƙyalle a fuska ya ce ba wani abu ba ne, askar Hamisu ce ta zame lokacin da yake datse gefen fatar, ta yanki bayan itacen, ya yi shiru. In ba haka ba, don me zai ɓoye guntayen? Hamisu bai ce uffan ba. Kawu ya sallame shi, ya koma Tirmini ya kama noma, gidan da kayan aikin suka dawo hannun Nomau.

Haka yake ba da labarin, kullum iri ɗaya, kuma kullum daga ranar da aka shimfiɗa fata yake farawa. Ba wanda ya taɓa jin ya fara daga ranar da aka saro itacen.

Tun daga nan bai sake yarda da kowa ba, dokar Kawu kuwa ya riƙe ta har ya wuce Kawun. Shi ke sassaƙawa, shi ke rufewa, don ya ce ba ya son hannu na biyu a aikinsa. Maharba sun ragu, dawa ta koma gonaki, yanzu masu zuwa wurinsa 'yan tsirarun tsofaffi ne, da 'yan banga, da masu son abin ratayawa a bango. Amma ko na bango ne sai an nuna baya. Ya taɓa korar wani babban mutum da motarsa ta toshe lungun, don ya ce sauri yake ba zai zauna ba. Abin da Nomau ya mallaka a duniya ke nan, kuma ya sani: in an ce fatar Nomau ce a kan baka, maharbi zai ja shi har kunne ba tare da ya runtse ido ba.

Bara da damina labari ya zo cewa Hamisu ya rasu. Nomau ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya ci gaba da fiƙe kibiya. Delu ta yi magana, ta sake yi, da ta ga bai motsa ba ta yafa mayafinta ta tafi gaisuwar ita kaɗai.

To, bana da kaka, wata Talata da hantsi, wani mutum ya yi sallama a ƙofar zauren. Zai yi shekara arba'in, ga riga a goge, ga alƙalami a aljihu, a hammatarsa wani dogon abu naɗe cikin zane. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa har sau uku, abin da ya sa Nomau ya gyara zama.

"Baba, sunana Rabi'u, ina koyar da yara a lakwal nan Zango. Aiki na kawo maka."

Ya kwance zanen. Tsohon baka ne tsirara, ba fata ba tsirkiya, itacen ya yi baƙi don daɗewa. Wajen taƙi ɗaya sama da mariƙi an naɗe shi da jijiyar saniya, naɗi mai kyau, matse. Sannan ya fito da fatar mesa a naɗe ya ajiye a gefe.

"Rufewa nake so a yi. Amma an ce in roƙe ka, kada a ɗaura masa tsirkiya, kada a goga baƙi, kada kuma a kwance naɗin nan. A bi ta kansa da fata kawai."

Nomau ya dube shi tun daga hula har ɗan yatsa. "Wa ya ce?"

"Wani dattijo ne, ya bar wasiyya."

"Dattijon ba shi da suna?"

Rabi'u ya sunkuyar da kai. "Yana da shi, Baba."

"Mushe," in ji Nomau, yadda ake kiran malamin lakwal, "ko a lakwal ɗinku in yaro ya rufe kayen rubutunsa da hannu ya ce kada ka duba, me kake yi?"

Mutumin ya yago takarda ya rubuta lambar salularsa, ya ajiye a bakin buzu, ya ce ba gaggawa yake ba. Abin da kowa ya sani da Nomau shi ne ya jefa masa kayansa waje. Amma bai jefa ba. Ya ɗauki bakan don ya miƙa masa, sai ya ji mariƙin ya zauna masa a tafin hannu daram, abin ya dame shi, ya ce a bar shi ya gani.

Mutumin na fita tunani ya taso masa. Da farko ya ce 'yan gandun daji ne suka turo shi da fatar mesa don su ga ko zai karɓa. Can ya ce a'a, dillalin kayan tarihi ne, yana son a yi wa ruɓaɓɓen itace kwalliya ya sayar. Can kuma ya ce wani ne ke son a ba abokin gabansa kyautar baka mai tsaga, ya ja ya rasa ido. Yana cikin wannan Delu ta leƙo da ƙwaryar fura.

"Me ya kawo ɗan Hamisu?"

"Ɗan wa?"

"Rabi'u mana. Shi ne ɗansa na biyu. Na gan shi wurin gaisuwar da ka ƙi zuwa, shi ke raba wa mutane tabarmi."

Nomau ya ajiye ludayi. Yanzu kam ya gane, ko kuwa ya ga kamar ya gane. Gidan Hamisu ne suka shirya masa. Za su sa ya rufe karyayyen baka da hannunsa, su kai shi taron maharba na bayan girbi, a ɗaura tsirkiya a gaban jama'a, ya tashi. Sai a ɗaga guntayen a ce ga fatar Nomau, ga tsaga a ƙarƙashi, ga mutumin da ya shekara arba'in da takwas yana cewa wani ne mai ɓoye aibu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har furar ta ƙi shiga.

"Mutum ya mutu ma ba zai bar ni ba," ya ce.

"Malam, ji tsoron Allah," in ji Delu. "Mutumin da ko sunanka bai taɓa ambata da sharri ba?"

"Ke kina wurin?"

Ta kwashe ƙwaryarta ta koma ciki.

Fatar ya fara bincika, don a nan yake zaton makircin. Ya warware ta, ya ɗaga ta a rana, ya shinshina, ya lasa. Masu kawo masa fata yanzu rabinsu da fetur suke kashe macijin, ko su barbaɗa gishiri su shanya a rana, in ka jiƙa ta sai ta yage kamar takarda. Wannan kuwa ta ciki aka tsaga ta, a miƙe, an kankare naman tas ba huda ko ɗaya, an busar da ita a inuwa. Mutum biyu ne a duniya suka iya gyara fata haka bayan Kawu, ɗayan kuwa yana kabari a Tirmini. Kyan aikin ya ƙara ba shi haushi.

Washegari bayan ya karya kumallo ya sa Delu ta ɗumama ruwa. Ya jiƙa naɗin jijiyar, ya jira ta yi laushi, ya kama bakinta da tsinke ya shiga warwarewa. Yana warwarewa yana cewa a ransa, yau zan ga abin da kuka binne mini.

Baka ne da ya taɓa karyewa biyu, aka haɗa guntayen da danko, baki da baki. Ya juya mariƙin ya kankare dattin da ya daskare, sai ga ɗigo uku na ƙuna a jere. Alamarsa ce, wadda yake yi da bakin ƙusa tun yana saurayi. Bakansa ne, wanda ya tsiyaye masa ido. Amma Nomau ne, bai yarda da alamarsa ba ma. Ya kwaɓa baƙin tukunya da mai ya goge bayan itacen, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya kafa masa idon nan guda yana neman sawun aska. Ya bi gefen dama, ya bi na hagu, ya sake bi. Sawun aska in yana nan sai ya fito a miƙe, baƙi wuluk. Babu shi. Gefen sumul yake.

Abin da ke nan yana tsakiyar karayar. Ɗan rami ne kamar ƙwayar wake, gurbin ƙullin itace, an cika shi da ƙaro da garin itace, rabin cikon ya zube. Daga bakin ramin nan tsagar ta tashi ta yi dama ta yi hagu.

Ba sai an tuna masa ba. Wata guda ya yi yana sassaƙar itacen, ranar da ya kusa gamawa ƙullin ya faɗo ya bar rami. Kawu ya tafi kasuwar Mirya. Ya ji ba zai iya jefar da aikin wata guda ba, ya kwaɓa ƙaro da garin dargazar ya cike, ya goge, ya turara bakan a hayaƙi har launin ya zama ɗaya. Da Hamisu ya goga baƙi, cikon ya sha mai ya yi santsi bai nuna ba. Mai bakan da zai duba ya ce ya yarda kuwa, shi ne da kansa. Duk shekarun nan yana gaya wa kansa ramin ƙarami ne, ba zai karya baka ba, har ya kai ya daina tuna shi. Ashe Hamisu ya ga ramin tun a daji, lokacin da ya tsinci guntayen. Ya san in Kawu ya gani, mai ido ɗaya ne zai naɗe tabarma, mutumin da ko fartanya bai iya riƙewa ba.

Nomau ya zauna a wurin har aka kira azahar. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, tare da ita kuma wata dabara ta zo masa. Ga jijiya a jiƙe, ga fata, ga wasiyyar mai shi da kansa cewa a rufe. In ya mayar da naɗin ya bi da fata, shi ke nan, ba mai sake ganin ramin har tashin duniya. Har ya ɗora tukunyar danko a wuta, ya zuba yankakken ƙirgi yana juyawa. Delu ta fito ta ga baka a kwance, ga danko yana tafasa, ba mai baka a zaure.

"Yau kuma ba za a nuna baya ba?" ta tambaya.

Bai dube ta ba. Ya juya dankon ya sake juyawa, sannan ya sauke tukunyar. "Miƙo mini ƙoƙon nan," ya ce. "Ki kuma danna mini lambar, ni ban san kanta ba."

Rabi'u ya iso bayan la'asar a kan babur ɗin kabu-kabu. Da ya ga naɗin a warware, fuskarsa ta canja.

"Baba, na roƙe ka."

"Zauna, ɗan Hamisu. Me ya sa ka ɓoye mini sunan ubanka?"

Rabi'u ya zauna a hankali. "Tsoro na ji ka kore ni. Mu da haka muka tashi, Baba. A rijiya, a gona, a wurin wasa, ana nuna mu ana cewa ubansu ne ya tsiyaye wa ɗan'uwansa ido. Bakan nan yana soke a rufin ɗakinsa tun kafin a haife ni, ba mai taɓa shi. Mun ɗauka abin kunyarsa ne yake ajiye. Shekara uku da suka wuce mesa ta shiga garken awakinmu aka kashe ta, ya gyara fatar da kansa. Da ciwo ya yi tsanani ya ce in kawo maka, kai kaɗai, ka rufe, kada wani cikinmu ya ga abin da ke ciki."

"Ka taɓa tambayarsa ko shi ya yi?"

"Sau ɗaya. Ya ce in je in ba jaki ruwa."

Nomau ya jawo bakan ya ɗora a cinyar Rabi'u, ya kama yatsansa ya bi da shi gefen itacen, sama da ƙasa. "Nan askar ubanka ta bi. Ka ji wani kaushi?"

"A'a."

Ya kai yatsan kan ramin. "Wannan kuwa ƙulli ne ya faɗo, aka cike shi da ƙaro don kada Kawu ya gani. Daga nan ya karye. Ni na cike shi. Ubanka ya gani ya ɓoye, ni kuma na ce shi ne."

Rabi'u ya daɗe yana kallon ramin. Bai ce ya yafe ba, Nomau kuma bai roƙa ba. Can ya ce, "Innarmu tana da rai. Ita ta sha maganar mutane fiye da mu. Ba ni za ka gaya wa ba."

"Na ji. Yanzu kai ne mai baka. Ka ga bayansa?"

"Na gani."

"Ka yarda a rufe?"

"Wasiyyarsa ce."

Nomau ya mayar da dankon wuta. Ya jiƙa fatar har ta yi laushi kamar rigar da aka wanke, ya raba ta biyu a tsaye, ya shafa danko mai ɗumi a bayan itacen da gashin kaza. Daga mariƙi ya fara, yana kwantar da fatar zuwa tsini, yana bi da babban yatsa yana korar iska, yana ja kaɗan kaɗan don zanen ya zauna a tsakiya. Reshen ƙasa ya rufu tsaf. Da ya zo na sama, ya kai kusa da karayar, sai ya ɗauki aska ya yanke fatar, ya tsallake faɗin yatsa uku, ya ci gaba daga can. Ya naɗe duka da tsumman sawaye ya jingine a inuwa. Rabi'u yana kallo, bai hana shi ba.

Kwana uku dankon ya kama. Nomau ya warware tsumman, ya datse gefe, ya murje ɓawon da ya tashi, ya shafe da kakin zuma har zanen mesar ya fito yana sheƙi. Ran Asabar da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, Delu ta raka shi tasha. Ta kawo zane ta ce a naɗe bakan, ya ce a bar shi haka.

A motar Tirmini aka matse shi kusa da wani magidanci mai buhun albasa. Mutumin ya yi ta satar kallon bakan, har ya kasa haƙuri.

"Baba, wannan aiki ya yi kyau. Amma nan wurin fa, fatar ce ba ta kai ba?"

"Ta kai," in ji Nomau. Ya juya bakan ya miƙa masa wajen ramin. "Duba da kyau. Fatar wani ne ya gyara ta, sunansa Hamisu. Nan wurin ne aikina."